Kada a Raba Shi da Faranti

Daga gidan Rahinatu a Maamobi zuwa rumfar mahaifinta a Nima tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, in ba a tsaya gaisuwa ba, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan babu maganar da Rahinatu ba za ta iya wankewa ta goge ba. Shekara shida ke nan tana wannan aiki ba albashi. Mijinta Muftahu zai faɗi magana a gida, ta ɗauko ta da ƙayoyinta, kafin ta tsallake babbar kwata ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Baba Osumanu abu sumul. In za ta koma gida ma haka.

Ranar da Baba ya ce, "Mijin nan naki gaisuwa yake kamar wanda ya bar tukunya a wuta," abin da ya isa kunnen Muftahu shi ne Baba ya yaba da yadda ba ya wasa da lokaci. Ranar da Muftahu ya ce takalmin Sallah da Baba ya aiko masa yana cizon yatsa, abin da Baba ya ji shi ne duk Accra babu takalmi irin nasa. Kowa ya ji daɗi, kuma ba wanda ya yi mamaki, domin dama haka kowannensu yake ganin kansa.

Ba ita kaɗai ta ƙirƙiro wannan aiki ba. Baba Osumanu baduku ne, mai ɗinka takalman fata, a Nima aka haife shi, amma yana riƙe da kunyar surukai irin wadda mahaifinsa ya zo da ita daga Kano, wadda yawancin unguwa sun daɗe da ajiyewa. A wurinsa suruki ba ya zama da kai, ba ya cin abinci a gabanka, ba ya kawo magana da bakinsa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Muftahu yakan zo, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna daga bakin rumfa, a yi ina gajiya, ina aiki, ya mutanen gida, ya tashi. Minti uku. Shi kuwa Muftahu mutumin garin Wa ne, can arewa, a Nima ya koyi Hausa, kuma ya koye ta ba tare da kwane-kwanenta ba. In abu ya lalace sai ya ce ya lalace, ya tsaya yana kallonka.

Rahinatu ta san abin da ke faruwa in aka bar Baba da suruki mai baki. Mijin yayarta Hafsa ya taɓa gaya wa Baba a gaban mutane cewa kwanon rumfarsa ya karkace. Kwanon ya karkace ɗin. Amma shekara tara ke nan mutumin bai taka ƙofar gidan ba, Hafsa takan zo ita kaɗai a tsaitsaye, 'ya'yanta kuwa in sun haɗu da kakansu a hanya sai an zungure su kafin su gaishe shi. Wannan shi ne abin da Rahinatu take tsoro, tsoro na gaske. Tana son mahaifinta, tana son mijinta, kuma ba ta son 'yarta Latifa ta tashi tana yi wa kakanta kallon baƙo. Saboda haka ta riƙe mutanen biyu nesa da juna da hannu bibbiyu, ta kira abin zaman lafiya.

Ana nan sai tambari ya fashe.

Tambarin wani ƙarfe ne mai tsawon tafin hannu, faɗin yatsa uku, da zane a fuskarsa: dagi a tsakiya, ƙananan ganye suna bin gefe. Ana ɗumama shi, a ɗora a kan fatar da za ta zama madaurin takalmi, a matse da inji, zanen ya fito. Na mahaifin Baba ne, kuma da zanen nan ake gane takalmin gidan tun daga kasuwar Makola har Tudu. Wata Talata ana cikin matsa ya rabe gida biyu. Husseini mai walda, wanda shagonsa na kontena ke jikin rumfar, ya haɗa shi, sai dai ɗinkin waldar ya riƙa fitowa a fata kamar tabon ƙuna, kwana uku kuma ya sake rabewa. Baba ya koma ɗinka takalma marasa zane, yana miƙa su ga masu saye ba ya kallon fuskarsu. Tuwon da ake aiko masa daga cikin gida rabi yake komawa.

Da yamma Rahinatu ta ajiye guntayen biyu a gaban Muftahu ta ce, "Baba yana tambaya ko injin nan naku zai iya yin irinsa." Baba bai tambaya ba, da ya gwammace ya koma sayar da silifas na roba. Muftahu ya jujjuya guntayen, ya ce, "Zan gani." Kafin maganar ta isa Nima ta zama roƙo, wai Muftahu yana neman alfarma a bar shi ya gwada. Baba ya ce, "Ya gwada mana, ƙarfen dai ya riga ya mutu." Wannan kuma ta isa Maamobi a matsayin sa albarka.

Muftahu yana aiki a wani ƙaramin kamfani a bayan titin Spintex, inda suke da inji guda mai gina ƙarfe. Ba narkawa ake yi a zuba ba, ba kuma ƙira ake yi da guduma ba. Garin ƙarfe ne mai laushin kwalli. Injin yana shimfiɗa shi siriri a kan wani farantin ƙarfe mai kauri, hasken leza ya bi ya narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, a sake narkarwa, har abu ya tashi tsaye. Maigidansa ya yarda masa ne don dama suna son gwada wani sabon gari, na ƙarfe mai tauri irin wanda ake yin kayan yanka da na matsa da shi. Sau ɗaya, in ji maigidan, ya kuma maimaita. Muftahu ya ɗauki hoton guntayen ta kowane gefe, ya haɗa su a kwamfuta, ya shafe mako uku yana bin ganyen nan ɗaya-ɗaya bayan an tashi aiki.

Ranar Juma'a da yamma ya shigo da abu a cikin kwali, ya ajiye a kan tebur. Tambari ne sak, toka-toka, fuskarsa a sama, yana tsaye a kan farantin bisa wasu ƙananan ƙafafu jere kamar haƙoran matsefi.

"Ka ga ƙafafun nan?" ya ce mata. Muftahu bai taɓa raba mace da namiji a Hausarsa ba, ita kuma ta daina lura. "Kowane layi da leza ya narkar, nan take yana sanyi, yana tsukewa. In ya tsuke sai ya ja na ƙasa. Na ƙasa ya riga ya daskare, ba ya bi. Layi ɗari takwas, kowa yana jan kowa. Wannan ƙarfe kuma mai tauri ne paa, ba ya lanƙwasa kaɗan ya huta kamar ƙarfen banza. Yanzu faranti ne ya riƙe shi. Sai an sa su tare a tanderu, awa huɗu, a bar su su huce a ciki sannu-sannu, sannan a yanka. In an yanka yanzu, ko ya lanƙwashe ko ya fashe."

Tanderun kamfaninsu ya ƙone a makon nan, shi ya sa ya zo da abin gida, don ranar Litinin da sassafe ya wuce da shi garin Tema, wurin wasu masu tanderu. Rahinatu ta ce "to" a duk inda ya kamata a ce to. Hankalinta yana kan dagin da ke tsakiya, da kuma abin da Baba ya faɗa ranar Alhamis: "Mako uku. Da ni ne da na haƙo ƙarfen daga ƙasa na gama." Wannan magana har yanzu tana hannunta, ta rasa ta inda za ta wanke ta.

Ranar Asabar Muftahu ya bi abokan aiki zuwa Koforidua, jana'izar mahaifiyar ɗayansu, sai Lahadi da yamma zai dawo. Motarsu ba ta kai unguwar Madina ba Rahinatu ta naɗe farantin a tsohon zani, ta sa a kwando, ta ɗora a ka. Nunawa kawai za ta yi ta dawo da shi. Haka ta gaya wa kanta, kuma ta yarda, domin ta saba a yarda da maganarta.

Baba ya kwance zanin da kansa. Ya sa tabarau, ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya bi dagin da babban yatsa, ya bi ganyen gefe, har ya zo wani wuri daga hagu ya tsaya. Akwai ganye ɗaya a nan da bai kai 'yan'uwansa tsawo ba, inda hannun maƙerin Kano da ya ƙera na asali ya zame shekara tamanin da suka wuce. Muftahu ya gani, kuma bai gyara ba.

"Ya bar shi," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mai hankali ne kawai zai bar wannan."

Sai da Rahinatu ta juya tana gyara ɗankwali don kada a ga idonta. Shekara shida tana ƙera yabo da hannunta tana kai wa, yau ga na gaske ya faɗo mata, ba sai an taɓa shi ba. Daɗi ya cika ta.

"Wannan farantin fa, Uwata?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Da shi za a matsa?"

"A'a, Baba, cirewa za a yi."

"To, Husseini ya cire."

Ta ce bari ta amsa waya, ko da yake wayar ba ta yi ƙara ba, ta fita ta laɓe bayan teburin mai koko da ƙosai, ta kira Muftahu. Ta gaya masa, ana jin ganguna a bayansa.

"Ka kai shi can," ya ce. Ba tambaya ba ce. "Ba Baba waya."

"Haba, Baban Latifa, ka san ba a haka."

"Yoo," ya ce, wato "to" ɗin mutanen Accra. "Ka gaya masa haka: kada a raba shi da faranti. In an yanka kafin tanderu ya lalace, kuma babu na biyu. Yadda na faɗa, Rahi. Kada ka sa masa sukari."

Daga teburin mai koko zuwa rumfa taku goma ne, ba minti ashirin ba, amma gwani ba ya bukatar doguwar hanya. Ta auna maganar ta ji nauyinta. Suruki ya aiko wa Baba Osumanu da hani, a cikin rumfarsa, a kan tambarin ubansa, minti biyar bayan yabo na farko. Ba za ta iya ba. Ta shiga ta durƙusa.

"Shi ne, Baba. Ya ce a gaishe ka sosai. Ya ce da so samu ne a ɗan jira zuwa Litinin, akwai 'yar ƙarasawa da ta rage, ta wuta. Amma ya ce kai ne babba, kai ka san kayan aikinka."

"Ƙarasawar me?"

"Wai ƙarfen bai gama natsuwa ba. Akwai sauran aikin zafi a cikinsa."

Baba ya ɗora tafin hannu a kan tambarin. Sanyi ƙalau. Ya yi murmushi irin na wanda ya gano ɗan'uwa. "Duk mai sana'a haka yake, ba ya son rabuwa da aikinsa. Ni ma nakan riƙe takalmi kwana biyu ina cewa saura kaɗan. Bar shi nan in kalla."

Ta leƙa waje. Kontenar Husseini a rufe, da ƙaton kwaɗo. Mai koko ta ce ya tafi biki Kasoa, sai Litinin. Rahinatu ta yi lissafi nan take: ranar Litinin ana idar da asuba za ta zo ta ɗauke abin kafin Husseini ya wanke ido, Muftahu ya wuce da shi Tema, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ta tura wa mijinta saƙo cewa ta gaya wa Baba, kuma Baba ya ce aikin na mai hankali ne. Rabin saƙon gaskiya ne, wanda ya fi abin da ta saba aikawa.

Ranar Lahadi da hantsi tana tsefe wa Latifa kai, waya ta yi ƙara. Baba ne da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Uwata, zo ki ga abin arziki."

A bayan muryarsa ta ji kukan giranda, injin yanka, tana cin ƙarfe. Ta bar yarinyar da rabin kai a tsefe a hannun maƙwabciya, ta fita. Tafiyar minti ashirin ta yi ta a sha biyu, ba ta gaida kowa ba, abin da matan lungun za su yi mako suna tattaunawa.

Husseini ya dawo tun jiya, abincin biki bai kai gare shi ba ya yi fushi. An kuma yi suna a lungun da safe, da aka shafa fatiha Baba ya janyo tsofaffin dukawa shida zuwa rumfa, ya sa aka dafa musu shayin ataya. Mutumin da bai taɓa kama sunan surukinsa ba, yau ya ce "Muftahu" har sau uku, ya ce "surukina injiniya" sau biyu, ya nuna wa kowa gajeren ganyen nan. Lokacin da Rahinatu ta iso an riga an yanke rabin ƙafafun, Husseini ya tsaya canza faifan giranda.

"Baba, wannan ƙarfe yana cin faifai paa," in ji shi, yana share gumi.

Rumfar ta yi tsit, duk idanu suka dawo kanta. Allah ya ba ta dama, cikakkiya, har da shiru a kai. Abin da za ta faɗa bai fi kalma goma ba: Baba, ba haka ya ce ba, cewa ya yi kada. Sai dai a gaban dattawa shida ne, kuma fuskar Baba tana haske irin wanda ba ta gani ba tun ranar Talatar nan.

"Baba," ta ce, "ko a bari ya dawo tukuna, ya gani da idonsa."

"Ai so nake ya dawo ya tarar da takalmi na farko. Nasa ne. Ga fatar can na yanka."

Ta duba, ga fatar kuwa, ja, mai kyau, wadda yake ɓoyewa don manyan baƙi. Husseini ya ɗaura sabon faifai, ya sunkuya.

Ƙarfen bai jira a gama ba. Saura ƙafa uku aka ji ƙas, ba da ƙarfi ba, kamar kofin gilashi ya gamu da tafasasshen ruwa. Husseini ya kashe giranda. Gefe ɗaya na tambarin ya ɗaga sama ya bar farantin, kuma wani siririn tsagi ya ratsa ta tsakiyar dagin daga wannan baki zuwa wancan.

Dattawa suka matso, kowa ya leƙa. Malam Zakaria, wanda tun da aka fara yabon yake shan atayarsa da ƙyar, ya samu lafiya nan take. "Aikin inji ke nan," ya ce. "Kyan ido. Gara da ya nuna halinsa tun bai ɓata maka fata ba." Wani ya ce yaran yanzu takarda ce kawai. Wani ya ce ai yaron ya yi ƙoƙari, a cikin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya. Rahinatu tana tsaye tana ji ana niƙa sunan mijinta, mako ukun da ya yi yana dawowa gida ido jajur yana tafiya a banza. Kunya ta kama ta, irin wadda ba a rufe ta da mayafi.

Baba bai kalli ƙarfen sosai ba. Ita ya kalla, ya daɗe.

"In ya sauka, ya zo nan kai tsaye," ya ce. "Ke ma."

Bayan la'asar ta tare Muftahu a inda motocin haya na trotro ke sauke mutane a babban titi, yana sanye da baƙar rigar jana'iza, ƙura har gira. Ta gaya masa komai yadda ya faru, ba ta cire ko ƙaya ɗaya ba, ta kuma yi mamakin yadda gaskiya ba ta cin lokaci, ko minti ɗaya ba ta kai ba. Muftahu ya ce, "Yoo." Suka kama hanya.

"Ka ce garin ƙarfen ne bai da kyau," ta ce a bakin lungu. "Ko injin. Don Allah."

"Ka so in ce aikina ne ya lalace."

"So nake Latifa ta ci gaba da zuwa gidan kakanta."

Muftahu ya ci gaba da tafiya. A bakin rumfa ya tuɓe takalmi ya tsuguna inda ya saba. Baba yana zaune shi kaɗai, tambarin a gabansa a kan zanin. Aka yi ina gajiya, ya hanya, ya masu haƙuri, Allah ya ba su dangana. Minti uku suka cika, ba wanda ya tashi.

"Jiya ka aiko min da saƙo," in ji Baba. "Me ka ce?"

"Baba, laifi a wurina yake. Ban yi bayani da kyau ba." Muftahu bai iya ƙarya ba, yana yin ta kamar mai tafiya da takalmin wani.

"Ban tambaye ka laifi ba. Me ka ce?"

"Baba, abin da yake nufi shi ne," Rahinatu ta fara.

"Taku biyu ne tsakanina da shi, Uwata. Maganar za ta iso da ƙafarta."

Muftahu ya kalli matarsa sau ɗaya, kallon ban haƙuri, sannan ya ce, "Na ce kada a raba shi da faranti. Na ce in an yanka kafin tanderu ya lalace, kuma babu na biyu."

"Kada ka ce."

"Kada na ce."

"Wato ni na fasa shi."

Rahinatu ta runtse ido. Akwai amsoshi masu laushi sun fi goma, duk ta san su: ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare, faifan Husseini ne ya yi zafi, ai ko an jira ma ba a sani ba. Ta riƙa tura masa su a zuci ɗaya bayan ɗaya.

"E, Baba," in ji Muftahu. "Ku kuka fasa."

Shi ke nan, abin da ta yi shekara shida tana tarewa ya faru, da rana tsaka, a gabanta. Tana jin yaran mota a titi suna kiran fasinjojin Circle. Ta fara tunanin yadda za ta riƙa zuwa ita kaɗai.

Baba ya ɗauki tambarin, ya juya shi, ya sa farce a cikin tsagin.

"Ƙarfe mai sanyi," ya ce. "Ba a buge shi ba, ba a yar da shi ba. Me ya fasa shi?"

Muftahu ya yi bayani, irin wanda ya yi mata ranar Juma'a, da layi ɗari takwas, da kowa yana jan kowa, da farantin da ke riƙe da su. Bai rage ba, bai ƙawata ba. Baba bai ce "to" ko sau ɗaya ba, saurare yake yi.

"Kamar fata a kan katako," ya ce da aka gama. "In ka zare ƙusa ba ta gama bushewa ba sai ta naɗe."

"Haka ne. Sai dai fata ana jiƙa shi a sake."

"Ana jiƙa ta." Baba ya tura wata 'yar kujera da ƙafa. "Hau nan, wuyana ya gaji da kallon ƙasa. Za a sake wani?"

Muftahu ya zauna a gefen kujerar, rabin jikinsa a waje. "Maigida ya ce sau ɗaya. Zan tambaya. Amma kada ku sa rai."

Rahinatu ta ƙirga, kada na biyu ke nan a yini guda. Baba ya gyaɗa kai kawai, ya naɗe tambarin a zanin a hankali, ya tura ƙarƙashin benci. Sannan ya gyara tabarau.

"Takalmin Sallah. An ce min ka ce duk Accra babu irinsa."

Muftahu ya sunkuyar da kai. "Na ce yana cizon yatsa."

"Wanne?"

"Ƙaramin. Na hagu."

"Miƙo ƙafar." Baba ya kama ta da hannu biyu, ƙura da komai, ya matsa nan, ya matsa can. "Ƙafarka faɗi gare ta kamar ta agwagwa. Shekara shida ina yanka maka takalmi da awon da aka kawo min a baki. Kana sawa?"

"Duk Juma'a. In na zo nan ina tuɓewa, sai in huta."

Wani sauti ya fito daga hancin Baba, wanda in a wurin wani ne da an kira shi dariya. Ya saki ƙafar, ya juyo wajen 'yarsa. Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

"Uwata, tambarin ubana ya mutu tun ranar Talatar nan, na riga na yi kukansa. Wannan na biyun ni na kashe shi, gobe kuma zan bi su Malam Zakaria gida-gida in gaya musu haka. Amma shekara shida mutumin nan yana tsugune a ƙofata, ina yi masa kallon wanda ba shi da abin faɗa. Shekarata saba'in da ɗaya. Ban san ko ina da wasu shida ba."

Ta buɗe baki. Tana da hujja, mai ƙarfi ma, tana da sunan Hafsa a kan harshe. Amma maganar ta riga ta shige ta yadda take, ba wanda ya tsaya a hanya ya wanke mata, kuma ta yi zafi fiye da yadda ta zata magana tana yi.

"Je ki gida, yarinya na jira," in ji Baba. "Mu za mu daɗe."

Ta ɗauki kwandonta, ta sa takalmi, ta ɗan tsaya a bakin rumfa tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Jira take a ce ki gaya masa, daga wannan ko daga wancan. Baba ya riga ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya sunkuya a kan ƙafar Muftahu da guntun fensir, suna gardama a kan inda ƙaramin yatsan ya ƙare.